Hannun da Ya Share Tsagar Inna

Segu, 9 ga Afrilu, 2016

Zuwa ga yayana Seriba,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da matarka Jeneba da yara duka. Allah ya tsare ku a ƙasar mutane, ya sa albarka a sana'arka, ya raba ka da ciwon bayan nan da kake ɓoye mini amma Jeneba take faɗa. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Ƙafar maigidana Dirisa ta yi sauƙi, har ya koma zuwa masallaci da kansa. 'Yata Awa ta sauka lafiya, namiji, an sa masa sunan Baba, kuma hancin nan na gidanmu bai ƙyale shi ba, Allah ya ba shi haƙurin ɗauka. Ni ina nan kan keken ɗinkina, ido ne dai ya fara yi mini gardama wajen zura zare. Zafi ya sauka sosai, kogi ya ja baya, mangwaro ya cika kasuwa.

Yaya, ka san Kawu Fankele ya rasu, don ni da kaina na kira ka ranar. Ka ce Allah ya jiƙansa, sai ka shiga tambayata ko an fara ruwa a Segu, a tsakiyar watan Maris. Shekara ashirin da bakwai ke nan, da zarar an ambaci sunansa sai wayarka ta kama ciwo. Shi ya sa na ɗauki biro, na ba Lasina ɗan maƙwabcinmu da zai koma Libarbil, can Gabon, ya kawo maka hannu da hannu. Abin da ke tafe da ni guda ɗaya ne. Kawu ya bar saƙo a wurina, yana roƙon ka yafe masa, kuma ina so amsarka ta iso kafin sadakar arba'in. Kada ka ninke takardar tukuna, ka karanta har ƙarshe, in ya so ka yi fushin daga baya.

Da ka ga jama'ar da ta taru da ka yi mamaki. Layinmu bai ɗauke su ba, sai da aka shimfiɗa tabarmi har bakin shagonsa na ɗaukar hoto. Ɗalibansa sun zo daga Bamako da Kuciyala da Mopti, har da biyu daga Buwake, wasu da furfura a gemu. Mata kuwa kowace da hotonta a jaka, wata na aurenta, wata na mijin da ya rasu, ana ta miƙa wa juna ana hawaye. Tsoho Mamuru Tarawele, abokin wasan Kawu, ya shigo yana dogara sanda yana faɗa da ƙarfi wai bawansa ya gudu bai nemi izini ba, wai yanzu wake zai yi araha a Segu tunda babban mai cinsa ya tafi. Aka yi dariya, shi ma ya buɗe baki zai yi, sai kuka ya ƙwace masa. Sai da aka kama shi aka zaunar.

Kai ka fi ni sanin yadda Kawu yake aiki, amma bari in faɗa, don ina jin daɗin tunawa. Ba ya taɓa kyamara sai ya zaunar da mutum ya ba shi shayi, ya tambaye shi wa za a aika wa hoton. Yakan ce fuskar da mutum zai nuna wa uwarsa daban take da wadda zai nuna wa budurwa, kuma aikin mai hoto ne ya san wacce aka zo da ita. Ni na ɗinka masa labulen bayan nan mai zanen dara sau huɗu, kowane karo sai ya ce na karkace layi, ni kuma in ce idonsa ne ya karkace. Ɗalibai bai taɓa ɗaga musu hannu ba, amma in ya dube ka ta saman tabarau ka gwammace mari. Dokarsa wajen gyaran nagatif, baƙin fim ɗin da ake wanke hoto daga jikinsa, kowa ya haddace ta: ƙurji baƙo ne, a cire shi, amma tsaga da tabo da wushirya na mai su ne, ba a taɓawa.

A kan wannan dokar kuka rabu, ban manta ba. Gab da bikina ne ya ɗauki Inna hoton da zan rataye a ɗakina a Bamako. Ya ba ka nagatif ɗin ka wanke, kai kuma ka sa tsinin reza ka kankare tsagar nan uku-uku ta kumatunta, har fuskar ta fito sumul kamar ba a taɓa sa mata aska ba. Ina tsakar gida ina tankaɗe na ji muryarsa. Ya nuna kumatunsa ya ce tsagar da ke fuskar ƙanwarsa ita ce a tasa, ta gidan ubansu ce, in kana jin kunyarta to shi ma kana jin kunyarsa. Ya tambaye ka dalili har sau uku, ka sunkuyar da kai ka yi gum. Ya karɓi makullin ɗakin duhu a gaban sauran ɗalibai ya ce kada ka sake taka masa shago. Ko bikina ba ka tsaya ba. Ni ma, in faɗa maka gaskiya, na daɗe ina cewa girman kan 'yan birni ne ya ɗebe ka, kuma hoton ban taɓa rataye shi ba.

Kwana shida kafin Kawu ya cika na kai masa kunu da hantsi. Ya sha cokali biyu ya ture, ya ce in rufe ƙofa in zauna. Ya ce, “Koro, na zalunci yaron nan.” Na ce wane yaro, don duk wanda bai kai sittin ba yaro ne a wurinsa. Ya ce kai. Ya ce shekarar da Inna za ta rasu ta kira shi ta faɗa masa cewa ita ta sa ka. Wai ranar da dangin Dirisa suka kawo goro, wata gwaggonsa ta dube ta ta ce wa ta kusa da ita, ashe surukar tamu ƙauyenta a rubuce yake a fuska, ba sai an tambaya ba. Maganar ta tsaya wa Inna a rai. Ta ce ba za ta bari duk baƙon da ya shiga ɗakina ya ɗaga kai ya raina ni saboda ita ba. Ta same ka a ɓoye ta roƙe ka, ta kuma haɗa ka da Allah kada ka faɗa wa yayanta. Da abin ya fashe tsoronsa ya hana ta magana, kai kuma alkawari ya rufe maka baki.

Yaya, na rasa wanda zan fara yi wa fushi. Inna da ta yi shiru shekara goma sha huɗu tana kallon ɗanta a nesa, ko kai da ka ɗauki laifin da ba naka ba ka bar ni ina zaginka a zuci, ko ni da aka yi duk wannan domina ina can ina zaɓen zannuwan aure. Amma wanda yake gabana shi ya sha. Ban taɓa ɗaga wa Kawu murya ba sai ranar. Na ce masa shekara goma sha uku da sanin gaskiya, kana da baki kana da hannu, gidan waya yana bayan shagonka, me ka tsaya jira? Bai kare kansa ba. Ya ce ya fara rubuta maka ya fi a ƙirga, da ya kai wurin da zai ce ya yi kuskure sai hannun ya ƙi. Ya ce, “Na iya gyara zaman kowa a gaban kyamara, nawa ne ya gagare ni. Ki ce masa kawunsa ya durƙusa.” Na ce in kira ka yanzu ya faɗa da bakinsa. Ya girgiza kai ya ce in ka kashe wayar ba zai iya ɗauka ba. Na tausaya masa, Allah ya sani, don ban taɓa ganin tsoro a fuskar mutumin nan ba sai ranar.

Ranar jana'iza, kafin a ɗauke shi, liman ya yi tambayar da aka saba, maroƙin gidanmu yana ɗaga muryarsa don mu mata mu ji daga ciki: duk wanda mamacin ya saɓa wa, ya yafe masa. Gida ya ɗauka gaba ɗaya, mun yafe, mun yafe. Ni ma na faɗi nawa. Sai na ji kamar in ƙara da naka, tunda uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, wa zai ce ban isa ba? Amma bakina ya ƙi. An riga an yanke maka hukunci sau ɗaya ba tare da an ji ta bakinka ba, ba zan zama ta biyu ba. Aka fita da shi ina riƙe da wannan abu a ƙirjina, kuma har yau yana nan.

Bayan addu'ar uku ɗalibansa suka roƙi a buɗe musu shagon su zauna kaɗan. Na je da makulli. Babbansu a yanzu, Burama Sogoba, wanda ya zo bayan tafiyarka, ya jawo wani ɗan aljihun tebur ya fito da ambulan da ya sha hannu har ya yi laushi. Kafin ya buɗe sauran suka fara murmushi, ashe duk sun san shi. Ya ɗaga nagatif ɗin a hasken taga, sai ga Inna. Ya ce duk wanda ya yi koyo a shagon sai an nuna masa wannan. A zamaninsu Kawu yakan ce ga abin da ba a yi. Amma na baya-bayan nan suka ce su ba haka ya faɗa musu ba. Yakan ba su madubin ƙara girma ya ce su nemo inda reza ta bi, su yi ta dubawa su kasa, sai ya ce wannan shi ne hannu mafi kyau da ya taɓa shiga shagonsa, kuma shi da kansa ya kore shi. In sun tambayi suna sai ya ce su koma bakin aiki. Burama ya juyo ya ce, “Hajiya, ke 'yar gida ce. Don Allah hannun wane ne?”

Na ce na yayana ne, Seriba Dumbiya, yana Libarbil yana sayar da kayan gyaran mota, kuma tun ranar bai sake riƙe kyamara ba. Na faɗa musu wadda ta sa ka da dalilinta, ban rage komai ba, Allah ya sa Inna ta yafe mini.  Mutum goma sha tara, wasu malamai ne da nasu ɗaliban, suka yi ta maimaita sunanka a hankali don kada ya ɓace musu.

Ban rubuto don in ce abin da ya yi maka ƙarami ne ba. Ya raba ka da sana'arka da garinka, ko gawar Inna ba ka samu ba. Amma tsoho ne da ya rene mu bayan Baba, ya koya wa rabin ƙasar nan kallon fuskar mutum da mutunci, ya kuma tafi yana jin kunyarka. Sadakar arba'in ranar Lahadi ce, ashirin da huɗu ga wata, kuma liman zai sake yin tambayar. In ka yafe, kira ni ka faɗi kalmar kawai, ba sai mun yi doguwar magana ba, ni zan miƙa wa maroƙi ya faɗe ta da sunanka kowa ya ji. In zuciyarka ba ta kai nan ba tukuna, ba zan ga laifinka ba, zan sake yin shiru a kan naka kamar yadda na yi. Nawa roƙon kuma daban ne, na zagin da na yi maka a zuci shekara ashirin da bakwai, shi ba shi da wa'adi.

Ka gaishe mini da Jeneba da kyau, da Fanta da Zumana da auta Nana. Dirisa yana gaishe ka, ya ce gwaggon tasa ta daɗe da rasuwa, amma shi yana neman afuwa a madadin gidansu. Gwaggo Sitan matar Kawu tana gaisuwa daga ɗakin takaba, Awa da jaririnta ma haka. Allah ya jiƙan Baba da Inna da Kawu, ya haɗa fuskokinmu da alheri. Wayata tana hannuna.

Ƙanwarka,
Korotumu