Yaya ya ƙwace min aiki, yanzu xmlns ta kama shi

Anti, ki taimake ni tun kafin in aikata abin da zuciyata ke raya min, don wallahi tun yanzu nake jin daɗinsa.

Ni da yayana ke riƙe da shagon da marigayi Babanmu ya bari. A da, takardu ake bugawa a ciki, mu muka mayar da shi wurin gina shafukan intanet, amma sunan Baba na nan a allon ƙofa da adireshinmu na intanet. Tare muka koyi aikin nan, sai dai shi kowa ke kira Injiniya, ni kuwa ƙanwar Injiniya.

Wani ɗakin karatu ya ba mu aikin da ba mu taɓa samun kamarsa ba. Bayanan littattafansu na cikin fayil ɗin XML, mu kuma za mu rubuta XSLT, wato ƙa'idojin da ke juya bayanan su zama shafin HTML da mutum zai buɗe ya karanta. Ni na rubuta, layi bayan layi, kowace alama ina gina ta sabuwa. Yaya ya leƙo ta kafaɗata ya ce na cika nawa. Ya karɓe aikin, ya goge rabin abin da na yi, ya cika shi da copy-of, umarnin da ke kwaso abu ɗungurungum ya zuba. Ran nan a falo, gaban Mama da matarsa, ya ce a zama ɗaya ya gama abin da na daɗe ina jagwalgwalawa. Aka kwashe da dariya. Mama ma ta ce in riƙa koyo a wurin yayana. Maganar nan har yau tana ci na.

To, ga shi Allah ya kama shi. Alamomin XML suna ɗauke da wata shaida da ake kira xmlns, mai nuna daga wane gida suka fito. Mun ƙara namu alamomin a fayil ɗin, shaidarsu kuwa adireshin shagonmu ne na intanet. Shi copy-of ba ya tambaya, har da shaidar yake kwasowa. Yanzu shafukan sun cika da xmlns ko'ina, kamar sabuwar rigar da aka fita da ita ba a cire takardar kanti ba. Mai karatu ba ya gani, amma ma'aikacin kwamfutar ɗakin karatun ya ce muddin manhajar tantancewa ta nuna kuskure ba zai karɓa ba, wasu za su ba aikin.

Yaya ya sa exclude-result-prefixes a saman fayil yana jiran shaidar ta ɓace. Ba za ta ɓace ba. Wannan umarnin alamomin da ka rubuta da hannunka kawai yake tsabtacewa, ba ruwansa da waɗanda ka kwaso. Sai an sake gina kowace alama da gundarin sunanta, yadda na yi tun farko, kuma nawa na nan a kwamfutata ban goge ba. Teburanmu suna fuskantar juna. Ina kallonsa yana gumi a ƙarƙashin fanka, yana kashe kwamfuta yana kunnawa kamar ita ta yi laifin. Girman kai ya hana shi tambayata, ni kuma ina ta kurɓar shayina.

Sati mai zuwa za mu miƙa aikin a wani taro a ɗakin karatun. Niyyata in yi gum, in sa kayana masu kyau, in zauna a kujerar gaba in ga yadda Injiniya zai yi in an tsitsiye shi. So nake ya ɗanɗana abin da na ɗanɗana a falon nan. Laifi ne?

Ƙanwar Injiniya

Ƙanwata,

Ba zan ce ki yi haƙuri kawai in wuce ba. Yayanki ya ɓata miki rai, ya kuma yi a gaban mutanen da kika fi son su ga ƙoƙarinki. Na nuna wasiƙarki ga mai kula da shafin intanet na jaridarmu, ya ce bayaninki daidai ne. Sai dai kar ki manta, mutumin da ke gumi a gabanki ya riga ya gane ya tafka kuskure. Kunya ce ta ɗaure masa baki, kuma na san irin yayyen nan, sun fi ƙaunar su yini suna wahala da su ce wa ƙanwa zo ki duba.

Ga abin da za ki yi. Gobe da safe ki rufe ƙofar ofis, ku biyu kaɗai, ki buɗe naki ki nuna masa shafin ya fito tas. Sannan ki faɗi buƙatunki ba tare da ɗaga murya ba: ke za ki yi bayani ranar miƙa aiki, kuma a falon da ya yi miki dariya, nan zai gaya wa Mama wa ya gyara. Ramuwarki ke nan, kuma halas ce. Idan ya ƙi, ki gyara aikin duk da haka, sannan ku zauna da Mama a raba wa kowa ɓangarensa, kar wani ya ƙara goge na wani.

Amma shirun nan ki bar shi. Ke da kanki kika rubuta cewa shaidar da ta cika shafukan adireshin shagonku ne. A ɗakin taron nan ba wanda zai ce Injiniya ya kasa. Za su haska kuskuren a bango, su karanta sunan da ke maƙale a kowane layi, kuma sunan Babanku ne. Kina kujerar gaba da kayanki masu kyau za ki ji an karanta shi.

Allah ya jiƙan Baba, ya huci zuciyarki, ya sa a karɓi aikin lafiya.