Ɗakin Kajin Alhaji Armiya'u

Kaura Namoda

Zuwa ga ƙanwata Malama Kubura,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya maigidanki da yara, ya ɗalibai? Tunda an rufe layin waya sai takarda, ga ta nan hannun Muhtari direba.

Albishirinki! Na gama sabon ɗakin kajina, kuma wallahi daga nan har Zurmi babu irin shi. Kwanon roba na sa, fari tas, kina ciki kina kallon sama. Kin san kaza ta fi yin ƙwai in tana samun haske, to ga haske kyauta daga Allah, ba fitila ba janareto. Bango kuma na kai shi har sama, ko taga ban bari ba, in ga ta inda tunku ko ɓarawo zai shiga. Ba injiniyan da ya zana mini. Wanga kai da ya fara da tallan ƙwai a tashar jirgi, shi ya yi aikin.

Ran Juma'a bayan an sauko masallaci zan kwashe kajina gaba ɗaya in zuba ciki, a gaban jama'a. Ki zo ki ga abin da ba ku da shi a littafi.

Yayanki,
Alhaji Armiya'u

Shinkafi

Yaya Alhaji,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, a gaida matarka Yaya Uwani. Allah ya sanya alheri. Amma don girman Allah kada ka sa kaza ko ɗaya cikin ɗakin nan!

Yaya, abin da nake koya wa ɗalibaina ke nan ka gina da bulo. Hasken rana zai ratsa robar ya sauka ƙasa, ƙasa ta yi zafi, zafin ya taso ya rasa mafita. Kullum kana kukan cewa zafin yanzu ya fi na zamanin Baba. To kusan haka ake yi wa duniya. Akwai wasu iskoki a sama, irin wadda ke fita in an ƙona fetur ko gawayi, da wadda ke fita daga cikin shanu da tarin kashin kaji. Suna barin haske ya wuce, amma in ƙasa ta mayar da zafi sama, sai su sha shi su dawo da wani gare mu. Ba don su ba da sanyi ya hana mu zama. Matsalar ita ce bargon yana ta ƙara kauri. Bambancin kawai, naka rufin iska mai zafi yake tarewa, amma wanda ke ciki duk gasuwa zai yi.

In ba ka yarda ba, ka rufe ƙofa ka zauna ciki da tsakar rana kafin ka sa su. Ka yi haƙuri da rashin kunyata. Hanya ba ta da kyau, ba zan samu zuwa ba.

Ƙanwarka,
Kubura

Kaura Namoda

Kubura,

Bayan gaisuwa. Takardarki sai safiyar Juma'ar ta iso, an riga an yanka rago. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce yarinyar da na goya ita ce za ta koya mini kaji?

Da jama'a suka taru sai na karanta musu, aka yi dariya. Na ce ku tsaya ku gani. Na shiga da babbar rigata ta shadda da kujera, na ce Namadi mai shayi ya rufe ƙofa. Kubura! Kafin su gama cin nama hulata ta jiƙe, shadda ta manne mini a baya. Namadi yana ta ihu daga waje: "Alhaji, ka nuna ko a ƙara wuta?" Na fito a hankali, da mutuncina, na ce an ɗaga shigar kaji saboda wani dalili.

To ga inda labarin yake! Uwani ta ɓoye faifan yankakken tumatir da tattasai a ciki saboda awaki, ta manta. Da ta koma ta tarar sun bushe ƙamas, jajir, ba ƙura ba ƙuda. Wanda ake shanyawa bakin titi kusa da shi sai ki ce tsumma. Na sa an fasa ƙananan tagogi sama da ƙasa don laima ta fita, sai aiki ya ƙara kyau. Yanzu masu lambu har daga Moriki suna aiko tambaya. Ashe ɗakin busar da kayan miya na gina! Dama jikina ya ba ni.

Tambaya ɗaya ta tsaya mini. Ni na fasa taga na huta. Wancan rufin na sama, ina tagarsa, wa zai fasa?

Yayanki,
Alhaji Armiya'u, mai kaji da busasshen tumatir

Shinkafi

Yaya,

Na yi dariya har na ƙware. A gaida Namadi. Wancan ba shi da taga, Yaya, sai dai a rage abin da ake tura masa, a kuma bar itatuwa su sha nasu. In hanya ta yi kyau, ka yarda in kawo ɗalibaina su shiga ɗakin su ji a jikinsu?

Taka,
Kubura

Kaura Namoda

Kubura,

Ki kawo su, ni zan yi musu bayani da kaina. Amma ki faɗa musu ni na ƙirƙiro shi, kuma kada kowa ya zo da shadda. Itacen dogon yaron da na so sarewa bayan gida na bar shi. Kaji suna ƙarƙashinsa, dukansu da ransu, suna gaishe ki.

Allah ya yi miki albarka.

Yayanki