Kwanon Gidan Muktar

Lahadi, 23 ga Maris, 2025

Adda Bilkisu ta zo shago yau, wai ta kawo ɗinkin yaranta. Ɗinki, saura mako guda Sallah, don tela ƙaninta ne. Ta zauna a benci tana ƙare wa 'yata Khairat kallo daga kai har ƙafa, sannan ta ce mini bana an ɗauke mini kwano.

Tun muna yara haka ake yi a gidanmu: ranar Sallah duk wanda ya ajiye iyali sai ya kai kwanonsa gidan Dada, mahaifiyarmu, a baje a tsakar gida a ci tare. Adda ke kawo masa da miya, gidan ƙanina Sabitu shinkafa da kaji, namu kuwa dankali. Matata Sa'adiyya ce ta fara shi tun shekarar da aka kawo ta, dankalin Hausa da albasa da garin ƙuli, ana ci a gefen masa. Allah Ya jiƙanta. Ko shekara ba ta yi a ƙasa ba, har an soke kwanonta.

Wai tausaya mini aka yi. Na san abin da ke ƙarƙashin tausayin, don kafin ta fita ta faɗe shi: bayan Sallah Khairat za ta koma wurinta a Yelwa, Dada ma ta san da maganar. Yarinya 'yar shekara bakwai ba ta tashi a shagon tela.

Na ce mata kwanona zai zo. Dariya ta yi. Da ba azumi nake ba, da na faɗi abin da zan yi nadama.

Litinin, 24 ga Maris

Na je kasuwar Wunti na sayo dankali. Mai dankalin ya ce in gaishe da uwargida. Na biya shi na ɗauki ledata.

Talata, 25 ga Maris

Na fere shi da la'asar na bar shi a tire, na koma shago in ƙarasa wuyan wata riga. Na dawo na tarar ya yi baƙi-baƙi kamar an shafa masa toka. Na soya a haka. Waje ya ƙone, ciki ɗanye, kuma ba damar ɗanɗanawa sai an sha ruwa. Wannan shi ne abin haushin: mutum na girki a makance, hanci kaɗai ke aiki.

Da aka kira Magariba Khairat ta ɗauki ɗaya ta tauna, ta tauna, ta ce, "Abba, ya yi daɗi." Ni ma na ɗauka. Yarinyar nan ta fara ƙarya saboda ni.

Laraba, 26 ga Maris

Sabitu ya biyo ta shago. Ƙanina na bayana, wanda na goya, shi ke ba ni shawara yau. Wai in bar matarsa ta dafa ta zuba a kwanona, ba wanda zai sani. Na ce masa ni zan sani. Ya ce mutane za su yi dariya, namiji da gemu a bakin murhu. Na ce wa ke ciyar da Khairat tun rasuwar uwarta, aljanu? Ya ce ai shayi da burodi da taliyar leda ba ciyarwa ba ne.

Har nan labarin ya kai. Wato ana zama a gidan Dada ana lissafa abin da 'yata ke ci. Ba wanda ya taɓa ƙwanƙwasa ƙofata da safe ya ce kawo in yi mata wanka, amma kowa ya san abin da ke cikinta.

Na ɓata aljihun rigar wani alhaji saboda haushi. Sai da na farke.

Alhamis, 27 ga Maris

Yau na dafa shi a ruwa kafin in soya. Ya narke ya zama fate. Kajin maƙwabta sun yi Sallah tun yau.

Juma'a, 28 ga Maris

Bayan masallaci na je gaida Dada. Ta bar ni a durƙushe tana jan carbi. Na ce, "Dada, da gaske kin yarda a raba ni da ita?" Ta ce ba ta yarda ba, ba ta ƙi ba, sai ta ga Sallah tukuna. Sannan ta tambaye ni yaushe rabon a yi wa yarinyar kitso.

Kitson da ke kanta tun kafin azumi ne, maƙwabciya ta yi mata. Na dawo gida na duba kan da kyau, duk ya tsefe ya dunƙule a ƙeya. Na ji kunya, kuma kunyar ta ƙara mini haushi. Me ya sa sai abin da ya fi ciwo ne ke zama gaskiya a bakinsu?

A ɗakin Dada na ga sabuwar jaka mai ruwan hoda a jingine. Ba sai an faɗa mini ta wace ce ba.

Asabar, 29 ga Maris

Khairat ce ta ce Mama a ruwa take zuba shi in ta fere, kuma ba ta rufe tukunya. Ashe tana kallo duk shekarun nan, ni ina can kan keken ɗinki ina jiran a kawo mini a faranti. Na yi yadda ta ce. Bai yi baƙi ba. Garin ƙuli ne ban san iyakarsa ba, gishiri ma haka.

Na gama kayanta da na yaran Adda. Na yaran Adda na so in bar su ba maɓalli, amma yaran ba su yi mini komai ba.

An ga wata.

Lahadi, 30 ga Maris, Sallah

Na dafa kafin Idi, ina sauri, yau da bakina a buɗe ma ban tsaya ɗanɗanawa ba. Na zuba a kwanon Sa'adiyya mai furen kore, na ɗaure da ɗankwalinta kamar yadda take yi. Khairat ta ce ita za ta ɗauka.

Da muka shiga gidan Dada sai duk ido ya koma kan kwanon. Matar Sabitu ta karɓi kwanon ta ajiye can gefen randa, nesa da sauran. Na gani. Muna zaure da maza amma ta ƙofa ina hango komai. Aka buɗe masa, aka buɗe kaji, kwanona ba wanda ya taɓa. Sai Sabitu ya aika a ɗebo mana, don ya samu abin dariya. Na sa a baki. Gishiri ya yi yawa har harshe na zafi, ga ƙauri. Na yi niyyar tashi in ɗauki kwanona da 'yata mu tafi.

Sai na ji Adda na kiran Khairat ta zo ta ci masa da cinyar kaza. Khairat, wadda ke iya cinye masa biyar a zaune. Ta je ta jawo kwanon daga gefen randa har tsakiyar tabarma, ta zauna ta buɗe.

"Goggo, ni na gidanmu zan ci."

Tana ci tana kurɓar ruwa, tana ci tana kurɓar ruwa, idonta ya kawo ƙwalla, ba ta daina ba. Adda ta daɗe tana kallonta. Can ta tashi ta zauna kusa da ita, ta sa hannu a kwanon. Dada ta ce a miƙo mata nata ita ma, haƙoranta sun fi son abu mai laushi. Ba laushi a dankalin nan, ni na dafa shi.

Na fita waje na tsaya wajen babura. Sabitu ya biyo ni ya tarar ina share ido, na ce hayaƙi ne.

Litinin, 31 ga Maris

Ba wanda ya yi maganar jaka. Ni ma ban yi ba.

Laraba, 2 ga Afrilu

Adda ta dawo da kwano da kanta, a wanke, cike da masa. Ba ta zauna ba. Ta ce Babbar Sallah kwanon gidan Muktar ya zo da wuri, kuma in rage gishiri kafin in kashe tsohuwa. Kwanon gidan Muktar, haka ta ce.

Na ce gishirin ya yi daidai.

Asabar zan kai Khairat Yelwa kitso, in dawo da ita kafin Magariba. Ba don Adda ta faɗa ba, dama ina da niyya. Tunda zan zauna jira, wataƙila in leƙa madafarta in ga yadda take auna garin ƙuli. Leƙawa kawai.