Kafiretar mashin ɗina da na tsinta a ɗakin marigayi Yayana

Assalamu alaikum 'yan uwa na wannan zaure. Admin don Allah a sakaya sunana, saboda wasu daga cikin waɗanda abin ya shafa suna raye. Don Allah ku ba ni shawara, kuma ku yi haƙuri da tsawon rubutun, dattijo ne ke dannawa da yatsa ɗaya.

Ni mutumin Kontagora ne, na yi ritaya daga aikin malamin gona. A ƙarshen shekarun tamanin, ina saurayi ban daɗe da kama aiki ba, na sayi wani mashin a hannun wani Bature injiniya da ya gama aikin hanya zai koma ƙasarsu. Ba irin ƙananan da ake ba mu a ofis ba ne, babba ne mai silinda biyu, ja da baƙi, da gilashi a gaba mai tare iska, an yi shi don doguwar tafiya a kwalta. Yayana da muke uwa ɗaya uba ɗaya shi ya fara ganinsa, ya yi ciniki bai kai ba, ni kuma na sayar da shanuna biyu na gado na karɓa. Yaya ya yi mini murna a baki, amma sai da ya yi wata guda bai ko kalli inda nake kafe shi ba.

Ranar da zan tafi da shi Baturen ya ja mini kunne, ya ce kayan gyaransa babu su a ƙasar nan, musamman kafireta, wato abin da ke haɗa mai da iska ya ba inji, guda biyu ne a jikinsa, ya ce in suka tafi to mashin ya tafi. Ni kuma dama Allah ya yi ni da zargi, ba na ɓoyewa. Da na isa gida na samu ƙusa da guduma, duk wani ƙarfe da ake iya kwancewa na buga masa ɗigo uku a inda ido ba ya kaiwa. Ban gaya wa kowa ba.

Bakanikena wani mutumin Tungan Magajiya ne, Kirista, zan kira shi Ayuba amma ba sunansa ba ne. Rumfarsa na bakin tasha, Hausarsa da ɗan gargada, amma hannunsa sai dai a ce tubarkalla, da kunne yake gane ciwon inji. Shi ya ƙera mini farantin ƙarfe a ƙarƙashin inji saboda duwatsun hanyar Kumbashi, ya yi mini kariya da akwatuna biyu na gefe da nake zuba irin shuka da takardu, na kai wa dukawa suka rufe su da jar fata. Ya ƙara mini fitilu biyu ƙanana a gaba da wani hon mai ƙarar jirgi. Duk Asabar ina rumfarsa, mu wanke sarƙa da kananzir, mu duba filogi, mu juye baƙin mai in lokacinsa ya yi, matarsa ta aiko mana da kunu. Shekara uku muna haka. Duk da haka in na dawo daga gyara sai na shiga ɗaki da tocila na duba ɗigona, kuma ban taɓa samun ko ɗaya ya ɓata ba.

Laifina shi ne gudu. In na hau kwaltar Rijau ina murɗa totur har sai allurar maleji ta kwanta. Mahaifiyarmu, Inna, ta yi faɗa ta yi nasiha har ta gaji, in ta ji ƙararsa daga nesa sai ta fito ƙofar zaure ta tsaya. Wata rana da damina saniya ta tsallako mini, na kauce, muka zube ni da mashin a gefen hanya. Na karye a kafaɗa da ƙafa, na yi wata biyu da rabi a kwance wajen mai ɗori. Yaya ne ya sa aka ɗauko mashin ɗin a akori-kura aka kai rumfar Ayuba.

Da na warke na je na karɓo shi, an gyara fenti, an miƙe kan, sai sheƙi yake. Amma ina hawa kwalta na ji ba shi ba ne. Mashin da ke tashi kamar an harba kibiya, yanzu ko tamanin ba ya wucewa, in na murɗa sai ya yi ta nishi. Na koma wa Ayuba, ya ce inji ne ya jijjigu a faɗuwar, da sannu zai ware. Sati biyu bai ware ba. Ran nan na rufe ƙofa na sauke tanki da kaina, sai ga wasu ƙananan kafireta biyu na ƙaramin mashin an yi musu dabara an ɗaura. Babu ɗigona a jikinsu. Hon ɗina ma an canza shi da wani.

Na je rumfarsa a fusace. Ya ce nawa sun tsage ne a hatsarin shi ya sa ya cire. Na ce ya nuna mini tsagaggun, ya ce masu sayen tsofaffin ƙarafa sun kwashe. Na san ƙarya ce, domin ko tankin da ke samansu bai lotsa ba, ta yaya abin da ke ƙarƙashi zai tsage? Na yi masa tas a gaban mutane, na kira shi ɓarawo, na wuce na kai ƙara wajen 'yan sanda. Ya kwana biyu a tsare. Yaya ne ya je ya yi belinsa, ya kuma tilasta mini na janye ƙarar, ya ce abin kunya ne gidanmu ya yi shari'a da baƙo a kan ƙarfe. A ƙofar ofishin Ayuba ya ce mini, "Malam, ni ban ci kayanka ba." Yana faɗa yana kallon Yaya, ni kuma na ɗauka godiyar beli ce yake masa da ido.

Ban tsaya nan ba, kuma wannan ne ke ci mini rai. Na bi ofis ɗinmu da majalisarmu da masallacin unguwa ina ba da labari. Duk malaman gona suka daina kai masa gyara, 'yan tasha suka laƙa masa suna mai kafireta. Kafin shekara ta zagayo ya kwashe iyalinsa ya koma Tungan Magajiya ya kama noma. A lokacin har daɗi na ji. Mashin ɗin kuwa bai ƙara zama daidai ba, na nemi kayansa har Kaduna da Legas ban samu ba. Sau biyu Yaya yana cewa tunda mashin ɗin ya mutu in sayar masa da arha ya riƙa zuwa gona da shi, na ƙi don haushi, daga baya na sayar wa wani mutumin Mashegu da ya riƙa ɗaukar doya da shi har ya ƙarasa shi.

Inna ta rasu tun tuni. Yaya kuma Allah ya yi masa rasuwa bayan ƙaramar sallar da ta wuce, Allah ya jiƙansu. Da muka zo fitar da kayansa don rabon gado, ni aka sa na buɗe wani ƙaramin ɗaki da yake ajiye tarkace. A bayan wani tsohon akwati na ga babban gwangwanin madara an rufe bakinsa da leda. Na buɗe, sai ga kafireta biyu an shafe su da giris, an naɗe cikin tsumma, ko tsatsa babu. Na juya su. Ɗigo uku, nan da nan, a inda na buga su da hannuna fiye da shekara talatin da suka wuce.

Na samu matar Yaya ita kaɗai na nuna mata. Ko mamaki ba ta yi ba, ta ce, "Ai Inna ce. Lokacin da kake kwance ta aika aka kira Ayuba, ta yi ta kuka, ta ce ya rage wa abin nan ƙarfi kada ya kashe mata ɗa, ta sa shi ya yi alkawarin ba zai faɗa ba. Yayanka ajiya kawai aka ba shi." Na ce to me ya sa da aka kulle mutumin babu wanda ya yi magana? Ta ce sun san halina, da na sani da a ranar zan mayar da kafiretocin jikin mashin. Sannan ta roƙe ni don Allah in jefa su a rijiya in manta, ta ce tone-tone ba ya haifar da alheri.

To 'yan uwa, nan ne kaina ya kulle. Wani ɓangare na zuciyata ya yarda, saboda na tuna kwana biyun da Ayuba ya yi a tsare Inna ce ta riƙa aika masa da tuwo, na yi mata magana ta ce ko ɓarawo ɗan wani ne. Kuma tun daga lokacin ta daina fitowa ƙofar zaure in ta ji ƙarar mashin. Amma Innar da na sani ko kaza ba ta iya gani a ɗaure cikin rana, ta yaya za ta zuba ido ina yawo da sunan bawan Allah har ya bar gari, ita ta san ita ta sa shi? Shekara goma sha ɗaya ta yi a raye bayan haka, na sayar da mashin ɗin ma tana nan, babu sauran abin tsoro, amma ba ta taɓa ce mini uffan ba. Sannan matar Yaya a lokacin amarya ce, watanta huɗu a gidan, Inna ba ta sakin magana a gaban suruka. To a ina ta ji, in ba a bakin Yaya ba? Kuma me ya sa amsar ta fito mata da sauri haka kamar wadda ta daɗe da shirya ta?

Abin da ya fi tsaya mini shi ne tayin da Yaya ya yi mini har sau biyu. Mutumin da kafiretocin ke ɗakinsa cikin giris, shi ne ke cewa in sayar masa da mataccen mashin da arha. Da na yarda, sai ya bari a kwana biyu ya mayar da su ya ce Allah ya ba shi sa'ar bakanike. Astagfirullah, ina zargin mamaci, mutumin da ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, ya tsaya mini a aurena, kuma ban taɓa kama shi da cin ko sisin wani ba. Amma in don a cece ni aka cire su, mene ne na adana su da kyau haka? Kuma hon ɗina ba ya cikin gwangwanin. Canza hon ba ya rage gudu. To wa ya ɗauke shi? Wani lokaci har ina tunanin ko da Ayuba aka haɗa baki aka ba shi hon ɗin ladan aiki, sai kuma in ce kai, kai dai ba ka tuba da zargin mutumin nan ba.

Na sa an bincika mini, Ayuba na nan da rai a Tungan Magajiya, ya tsufa, idonsa ya yi rauni, matarsa ta rasu. An ce bai ƙara riƙe sifana da sunan sana'a ba tun da ya bar Kontagora. Shi kaɗai ya rage wanda ya san gaskiya. Ko wace ce gaskiyar, abu ɗaya ya tabbata, bai sayar da kayana ba, kuma ni na kira shi ɓarawo a bainar jama'a. Na tambayi wani malami a kaikaice, ya ce wanda ka ɓata wa suna a gaban mutane a gaban mutane ake wanke shi. Har yau akwai dattawa huɗu a majalisarmu da suka ji labarin daga bakina, ɗaya ma in ana hirar makanikai sai ya ce a yi hattara da irin su mai kafireta. In na tashi wanke Ayuba tambayar farko da za su yi mini ita ce, to a ina ka same su? In na ce a ɗakin Yaya, na gama da sunansa, ga 'ya'yansa bakwai da yanzu ni suke kallo a matsayin uba, babbar 'yarsa ma an sa ranar aurenta. In na ce Inna ce ta sa, na jingina wa mahaifiyata abin da ban tabbatar ba, don kawai in rufa wa wani asiri.

Matata ta ce in je in ba shi haƙuri kawai, in kai masa buhun hatsi da ɗan abin da ya samu, kada in tambaye shi komai. Amma na san kaina, ba zan iya zama a gabansa in dawo ban tambaya ba. Kuma ina tsoron ko na tambaya ya ce Inna ce, in dawo ina zargin ko alkawari yake ci gaba da riƙe wa Yaya.

Don Allah ku faɗa mini gaskiya, ko da za ta yi mini ɗaci. In je da gwangwanin in ajiye a gabansa in tambaye shi, ko in nemi gafara in yi shiru? In ya ce Yaya ne, in faɗa wa majalisa ko in haɗiye? Akwai hanyar da zan wanke mai rai ba tare da na tona wa mamaci asiri ba? Masu ilimin addini a cikinku ku taimaka, haƙƙin wa ya fi nauyi a kaina? Ayuba ya haura saba'in, ni ma ina bin sa a baya, kada ku ce in bari sai an kwana biyu.