Ruwan Batir a Rafin Kanya

Mando, ranar Litinin

Zuwa ga Kawu Abdurrahim,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, kai da Inna Hansai da duk mutanen gida a Katabu.

Kawu, ranar Alhamis da ta wuce, bayan an idar da asuba gari ya fara haske, na sauka Rafin Kanya da ya bi ta bayan garejinmu. Ban kai bakin ruwa ba na hango akori-kurar Oga Usman ta yi ribas har gaɓa. Sai na tsuguna a bayan ciyawar jema. Ana sauke jarkoki ana tuntsurawa cikin ruwa. Tun daga nesa hancina ya gaya mini ko mene ne. Tsohon ruwan batir ne, wanda muke tsiyayewa kafin a fasa batir a cire dalma. Duk dutsen da ya taɓa sai ya yi kumfa yana ƙara kamar an saka ƙosai a mai. Oga yana tsaye da tocila a kashe, yana waige-waige.

Da motar ta tafi, karfasa suka fara tasowa ciki sama. Tarwaɗa kuwa tsalle suke yi zuwa cikin laka, sun gwammace tudu. Akwai wata babbar kififiya da yaran unguwa suke kira Hajiya saboda ƙasaitar tafiyarta. Ta fito tana goga ido da ƙafa. Na ɗebo ruwa a butar masallaci na wanke ta, amma ba ta kai hantsi ba. Zalɓen da ke zuwa kullum ya sauka, ya daɗe yana kallon kifin nan birjik, bai taɓa ko ɗaya ba ya tashi.

Ka san da ma rafin nan juji ne. Malama Nusaiba, malamar firamare, ita ta tara mu muke yi masa aikin gayya duk Asabar. Mun fitar da leda da taya har da katifa, muka dasa jema a gaɓa don kada ƙasa ta zabtare. Sai da damina ta zo ta koma ta sake zuwa kafin kifi ya dawo. Daga nan aka raba rafin, kowa da inda zai riƙa dubawa, mai unguwa ya shafa mana Fatiha. Nawa rabon daga kwalbati ne zuwa gindin kanya. A nan aka zuba.

Yanzu an ɗora wa Inna Ladidi mai daddawa laifin, don a sama da wurin take wanke kalwa, ruwanta baƙi ne kuma yana wari. Ni kuwa na sani ranar wankinta ranar bikin kifi ce, taruwa suke yi suna cin ɓawon. Mai unguwa ya dakatar da ita sai an zauna. Marayun jikokinta da daddawar nan suke ci.

Na so in zo da kaina, amma kunnenka sai an ɗaga murya, kafin in gama duk layi sun ji. Shi ya sa na ba Sani direba takarda.

Kai ka kama hannuna ka sa a hannun Oga aka yi Fatiha. A bakin rafi ma an yi mini Fatiha. Wacce zan riƙe? Ga shi bayan babbar sallah ya ce zai yaye ni.

Yaya Bilal yana lafiya, yana shago. Ka yi haƙuri da rubutuna, ka san inda karatuna ya tsaya.

Ɗanka,
Sharhabil


Katabu, ranar Laraba

Zuwa ga ɗana Sharhabilu,

Amincin Allah ya tabbata a gare ka. Bayan gaisuwa da fatan alheri, takardarka ta iso hannuna, na kuwa karanta ta cikin natsuwa. Nan gaba ka riƙa barin fili tsakanin layuka, domin ido ma ya fara bin sawun kunne.

Da farko, ka sani ba a shafa Fatiha a kan cuta. Na damƙa ka ga Usman domin ka koyi sana'a ka kuma girmama shi. Ban damƙa masa idonka ba. Na ƙare ƙuruciyata a aikin ruwa, na san abin da ya shiga rafi da safe, tukunyar wani yake kwana.

Sai dai gaskiya ma tana da ƙofar shiga. Kada ka fara da malamar nan taku. Ba na shakkar niyyarta, amma 'yan ƙungiya kowa da waya a hannu, kafin azahar duniya ta ji, kuma wanda aka tozarta a bainar jama'a ba ya tuba, sai dai ya taurare. Ka sami Usman shi kaɗai. Ka zauna ƙasa da inda ya zauna. Ka gaya masa abin da ka gani ba tare da ƙari ba, sannan ka roƙe shi ya je wurin mai unguwa da ƙafarsa ya wanke baiwar Allah nan. Na san shi tun muna haya gida ɗaya a Kawo. Yana da son banza, amma ba shi da mugun ciki. In aka bar masa hanyar fita da mutuncinsa, ina kyautata zaton zai bi.

Ka kuma shawarci yayanka Bilal, ɗan cikina. Ban kai shi shagon Usman domin rubuta rasit kawai ba, ya yi karatu, ya san yadda ake jera magana a gaban manya. Ka gaya masa mahaifiyarsa tana cigiyarsa, ya kwana biyu bai leƙo ba.

Allah ya yi maka albarka, ya jiƙan 'yar'uwata da ta bar mini kai.

Kawunka,
Abdurrahim


Mando, ranar Lahadi

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa. Na bar fili kamar yadda ka ce.

Na yi yadda ka umarce ni. Bayan la'asar na sami Oga shi kaɗai a kan benci yana shan rake, na zauna a kan taya. Na faɗa masa tun daga ribas ɗin mota har mutuwar Hajiya. Bai musa ba. Ya ce mutumin da ke zuwa kwashe ruwan ya daina zuwa, jarkoki sun cika, har sumuntin ɗaki ya fara cinyewa, wanda ya ba shi hayar shagon yana ta mita. Ya tofar da tukar rake ya ce, "Kifi ne fa, Sharhabilu. Mutum nawa ka ga an kai makabarta?"

Na kawo masa maganar Inna Ladidi. Ya ce zai aika mata da wani abu a ɓoye, amma zuwa gaban mai unguwa, da furfurarsa, a kan kififiya, wannan kam a'a.

Daga nan ya tashi ya buɗe loka ya nuna mini akwatin kayan yayena. Sabuwar caja, da mita, da sifanu a jere. Har ya sa an rubuta sunana da fenti a murfin. Bai zage ni ba, bai ce zai kore ni ba. Wallahi da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Yana rufe lokar ya ce, "In za ka faɗa, ba sunana kaɗai za ka faɗa ba. Ka je ka yi tunani."

Jiya Asabar muka yi gayya, amma ta binne ragowar kifi ce. Bashir mai faci yana haƙa yana tsokanata, wai an ba kura ajiyar barci, mai gadin kwalbati ya fi kififiya nauyin jiki. Kowa ya yi dariya, ni ma na yi. Malama Nusaiba ba ta yi ba. Ta so ta kai ruwan a auna, amma ruwan sama ya riga ya wanke komai. Ta ja ni gefe ta ce ni ne ban taɓa fashin Asabar ba, ko na ga wani abu? Na ce ina dai bincike. Sai ta miƙo mini shebur.

A hanyar dawowa na haɗu da Inna Ladidi. Yanzu a wurin 'yan ga-ruwa take saye, kalwa kuwa ba ta wankuwa da ruwan jarka, har tukunya guda ta lalace mata. Ta tare ni ta ce, "Ɗan nan, kai da kake sammako kullum, ka taɓa ganin kalwa ta kashe ko kwaɗo?" Na ce ban taɓa ba. Ta ce, "To bakin naka na cin tuwo ne kawai?"

Da yamma na je wurin mai unguwa, ban ambaci suna ba. Na ce in wani ya ga abin da idonsa fa? Ya ce shi a zaurensa baki ɗaya ba ya kayar da magidanci, tun zamanin mahaifinsa haka ake yi, sai an kawo na biyu. Za a zauna Juma'a bayan masallaci. In ba a sami kowa ba, Inna Ladidi ta bar rafin ke nan, don jama'a sun dage sai an hukunta wani.

Kawu, a shagon nan nake kwana. Jarkokin sun fara cika kuma, ni ne nake tsiyaya a ciki da hannuna, na kuma san inda za su. In na yi shiru na ci amanar rafi da ta tsohuwa. In na yi magana ni kaɗai, na rasa yaye kuma ba a karɓa ba.

Ban shawarci Yaya Bilal ba. Kwano ɗaya muke ci, amma kwanan nan ba ma yawan hira. Na dai isar da saƙon Inna Hansai.

A gaishe da kowa. A sa ni a addu'a.

Ɗanka,
Sharhabil


Katabu, ranar Talata

Sharhabilu,

Bayan sallama da gaisuwa. Na ji kunya a madadin Usman. Na yi zaton shekaru sun gyara shi.

Amma kai ma akwai abin da kake kewayewa. Na ɗauko takardarka ta farko na ajiye kusa da ta biyu. Ka ce Usman yana tsaye da tocila. Ka kuma ce ana saukewa ana tuntsurawa. Usman da na sani, tun da bayansa ya kama shi ko buta cike sai an miƙa masa, balle jarka. Saboda haka akwai hannun da ya ɗaga. Mai hannun nan ya fi ka ganin abin, domin kai kana bayan ciyawa, shi kuwa a kan takalminsa ya fantsama. Ga bakinka na biyu nan, kana ta neman sa a zauren mai unguwa.

Na fahimci tausayinka. Wanda aka aika ba ɗaya yake da wanda ya aike shi ba, kuma zan faɗi haka a gaban kowa. Amma ba zan yarda tsohuwa mai marayu ta ɗauki kayan ƙato ba. Ka aiko mini da sunansa. Ranar Juma'a zan shigo motar Sani in zo da kaina. In ɗan gareji ne, zan fara biyawa wurin ubansa in ce masa, ɗanka ya ga abu, sai ka sa shi ya buɗe baki, in kai uba ne. Ban taɓa jin nauyin faɗa wa mutum wannan ba.

Batun yaye kuma, kada ya hana ka barci. Ɗakinka na nan yadda ka bar shi. Kuma Usman ya yi mini alkawarin buɗe wa Bilal reshe a Kawo kafin azumi. In ya tsaya da ƙafarsa, ba zai rasa inda zai sa ƙaninsa ba. Har mahaifiyarsa ta fara maganar aure.

Ina jiran amsa kafin Alhamis. Suna kawai nake so.

Kawunka,
Abdurrahim


Mando, ranar Laraba

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka. Don Allah wannan ka karanta ta a waje, kada Inna Hansai ta tambaye ka abin da ke ciki.

Ranar Juma'a zan tsaya a zauren mai unguwa in faɗi abin da na gani, ko an karɓa ko ba a karɓa ba. Na riga na haɗa kayana a buhu.

Ka yi gaskiya, akwai wanda ya ɗaga. Ya ga kumfar, ya ga kifin farko da ya taso, har ya ja da baya Oga ya ce ya ƙarasa. Da zai hau mota ya waiwayo wajen jema muka haɗa ido. Tun ranar bai tayar mini da maganar ba, ni ma ban tayar masa ba.

A gidanka na tashi, ba ka taɓa bambanta kwanona da na kowa ba. In ka fasa zuwa, ba zan ga laifinka ba. Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ka gafarce ni.

Ba sai ka biya gidan kowa ba, Kawu. Yaya Bilal ne.

Ɗanka,
Sharhabil