Lambar Nan Mara Hoto

Assalamu alaikum Autata,

Ina gaishe ki da fatan kina lafiya. Ya karatu, ya sanyin garin naku? Haƙorin nan kin je an duba, ko kina nan da taurin kai irin na Babanku, Allah ya jiƙansa? Mu nan lafiya lau, sai kewarki.

Tsarin tallan da kika turo min ya iso, na sa tabarau na karanta sau uku. Ɗaukar hoto a kan farin ƙyalle, na gane. Sakawa a sitatus safe da yamma, na gane. In ajiye duk lambar da ta yi min sallama, ina yi. Ban da dogon surutu, wannan kam da ni kike, na ji. Na farkon ne ya tsaya min a rai, wai in san masu sayena. To ina kan sa.

Kin dai san maganar Yayanku. Wata uku ya ba ni, in ɗinkin zanin gadon nan bai kama ba in tattara in koma gidansa. Har ya gyara ɗaki ya sa sabuwar fanka. Ba mugunta ba ce, na sani, zamana ni kaɗai ne ba ya so. Amma bene ne gidan, keken ɗinkina kuma na ƙafa ne, ya ce na ƙasa ba za su jure ƙarar ba. To in aka raba ni da keken nan da tagar nan me ya rage? In zauna gaban talabijin ina jiran a ce Mama ga abinci?

Ke kin san akwai wani ɗan ido a ƙasan sitatus? Mai kitson da ke jikin katangarmu ce ta nuna min. Kina taɓawa sai sunayen duk wanda ya kalla su jeru. Mutum talatin da ɗaya jiya! Wa yake gaya wa wayar? Kuma su suna ganin ina ganinsu? Ki amsa min wannan don Allah, don ni tun lokacin sai na ɗaura ɗankwali nake dubawa.

Akwai wata lamba, ba hoto ba suna. Ranar farko ta turo sallama, na amsa, na tambayi wane ne, shiru. Na ajiye ta da suna Oho. Kullum Oho ne farkon kallo, kafin ma in ajiye wayar. Bai taɓa tambayar farashi ba. Mutum ne ko injin?

Ki ci abinci, ki riƙa sa safa.

Ni ce,
Mamanki

*

Assalamu alaikum Auta,

Ya jikin, ya jarrabawa? Allah ya ba da sa'a. Na ji daɗi da aka cire haƙorin, ai na gaya miki.

Zan faɗa miki wani abu amma kar ki yi wannan ihun naki. Kin ce in san masu sayena. To ni ban san yadda ake sanin mutum ba a gaisa ba. Sai na bi sunayen nan na ɗan ido ɗaya bayan ɗaya na kira su. Duka. Kwana huɗu na yi. Mai kitso ta ce, “Mama, mutane fa tsoro za su ji, ko ɓarawo ba ya bin mutum haka.” Na ce ke dai kama kan da ke gabanki.

Wasu kam sun tsorata. Wani mutum ya ce shi hannunsa ne ya zame. Wata ta ce zannuwan sun yi kyau amma irinsu cike suke a kasuwa, ta faɗa da ladabi, amma ta faɗa. Na haɗiye.

Sai wata malamar makaranta. Na ce ya gida ya iyali, ya masu jiki, kin san yadda nake. Kawai sai na ji ta fashe da kuka. Ashe mahaifiyarta shekara guda ke nan a kwance. Kullum kafin ta tafi aiki sai ta fitar da katifa rana. Ledar da take shimfiɗawa zafi, ga ƙara, ga zamewa, tsohuwar kuma kunya take ji har ta daina shan ruwa. Kin tuna shimfiɗar da na ɗinka wa Babanku? Tawul mai laushi a sama, leda marar ƙara a tsakiya, ƙyalle a ƙasa, da igiya a kusurwa huɗu a ɗaure ta a jikin gado. Ban taɓa ɗaukarta sana'a ba, wahala ce ta koya min. Na ɗinka mata guda biyu. Shekaranjiya ta kira, wai tsohuwa ta sha ruwa kofi biyu.

Daga nan na canza tambaya. Kin san cikin mutanen nan bakwai suna da mai jinya a gida? Bakwai! Kuma ba wanda ya taɓa faɗa, sai ka tambaya a hankali.

Yanzu ga abin da nake ta juyawa. Yaya ake tallan abin da mutane suke kunyar tambaya? Ba wanda zai rubuta a fili cewa uwarsa tana jiƙa gado. Ga abin da na gwada, ki duba. Na jingina wayar a jikin gwangwanin maɓallai, na shimfiɗa tsohuwar shimfiɗar Babanku a kan katifa, na zuba ruwa kofi guda, na ɗaga, katifa a bushe. Hannuna kawai ake gani. Na ce ba sai an yi min bayani ba, a turo faɗin gado kawai, zan naɗe a baƙar leda ba rubutu. Farin ƙyallen naki ban sa ba, ki yi haƙuri. Surutun ma ya ɗan yi tsawo.

Oho ya kalla cikin minti ɗaya. Shi kaɗai ne bai ɗaga wayata ba, sau shida ina kira. Saura sati biyar wa'adin Yayanku.

Taki,
Mama

*

Assalamu alaikum 'yar albarka,

Ina fatan kin huta bayan jarrabawa. Na gode da gyaran da kika yi wa bidiyon, kin yanke inda na yi tari da inda nake faɗa da kaza. Shafin da kika buɗe min ma na iya shiga yanzu. Kin ce kiran mutane ba ya cikin tsari amma kin ƙara shi a lamba ta shida. Na yi dariya.

Aiki kam ya zo, har ƙafata tana ciwo. Abin da ya ɗaure min kai, yawancin sababbin ban san su ba, in na tambaya sai su ce wani ne a wurin aikinsu ya tura musu. Wane wanin? Ba sa faɗa, wai ya ce kar a faɗa.

To jiya wata ukun ya cika. Yayanku ya zo da safe, na leƙa ta taga na ga ya kwantar da kujerun bayan mota. Ya shigo ya durƙusa ya gaishe ni, ya rasa wurin zama, ƙullin baƙar leda ko'ina har kan kujerar Babanku. Sai kallon ɗakin yake.

Ni kuma don kar a fara maganar tafiya sai na kama ba shi labarin Oho. Na ce kai da ka san waya, duba min ko mutum ne. Ya ce, “Mama, bar shi kawai, irin waɗannan ba a kula su.” Na ce a'a bari ka ji yadda yake ƙin ɗagawa. Na danna.

Auta, sai aljihun rigarsa ya kama ruri.

Wayar wurin aikinsa ce. Ya tsaya kamar ranar da na kama shi da gwangwanin madara yana ɗan shekara shida. Na ce, “Sannu Oho.” Ya ce shi fa da farko sa ido kawai yake, ya ga ranar da zan gaji. Na ce to masu cewa wani ya tura musu fa? Ya sunkuyar da kai. Ya ce da ya ga bidiyon ya gane shimfiɗar, har da ɗinkin da ya karkace a gefe. Kin san shi ne yake ɗaga Babanku ni ina canzawa, ke lokacin kina makarantar kwana. Ya ce ya shiga mota ya zauna ya daɗe bai tayar ba. Daga nan ya tura wa duk wanda ya sani.

Na ce to kujerun da ka kwantar fa, kayana za ka kwasa? Ya ce, “Mama, waɗannan ƙullin da ƙafa za su kai kansu?” Ya kwashe su tas, na rubuta masa kwatancen gidaje a bayan kwali. Da yamma ya dawo da sabuwar fankar nan, ya kafa min ita daidai kan keke.

Ya ce in gyara sunan a waya in sa nasa na gaskiya. Na ce sai na yi tunani. Yau da safe na saka sabon hoto, na ɗaura ɗankwali na taɓa ɗan idon. Oho ne na farko.

Ki gaishe da ƙawarki mai gilashi. In kin zo hutu akwai yankan igiya yana jiranki.

Mai yi miki addu'a kullum,
Mamanku