Inna tana jiran amshi

Zuwa ga ƙaunatacciyar yayata Lami,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata wannan takarda ta same ki lafiya, ke da maigidanki Arziki da yara, can Arlit. Allah ya tsare ku, ya sa albarka a nema. Mu nan Madarumfa da godiya, an gama yankan hatsi, wake ma ya yi dama-dama, ɗana Habibu ya koma karatu a lakwal. Sai dai maganar Inna. A tarho bakina ya kasa, na ce miki da sauƙi kawai, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Inna ta faɗi ne tana sussuka a tsakar gida. Maƙwabciyarmu Zulai ce ta fara ganinta, muka kwashe ta sai gidan likita. Lokotoron da ya duba ta ya ce tansiyo ce ta hau, wato hawan jini, ta shanye mata ɓarin dama, ta tafi da magana. Ya ce in ta sake bugowa, to, sai ikon Allah. Tun ranar ko tari ta yi sai in ruga wurinta. Matar da ba ta barin kowa ya kai aya in ana hira, yau ko ruwa ba ta iya roƙa, sai ido. Yaya, ina jin tsoro, ko rijiya na je sai in dawo da gudu.

Ran Lahadi bayan sujada matan zumunta suka zo gaishe ta da tulunsu na kiɗa. Matar Fasto ta ba da waƙa, kafin su amsa sai muka ji amshi ya fito daga kan gado, tar, kowace kalma a wurinta. Ƙwaryar kunun da ke hannuna ta suɓuce. Da waƙa ta ƙare na kira ta, Inna, Inna, babu ko uffan. Lokotoro ya ce akan ga haka, mu yi ta yi mata waƙa. Yanzu ni ce mai ba da waƙa a gidan nan, da muryar nan tawa da kika ce tana korar kaji.

Kawu Ɗanbaba ya zo daga Gabi, ya ji da kunnensa. Ya ja ni zaure ya ce in tuna Inna zabiya ce a wajen bori kafin ta yi baftisma, iskokin da ta bari su ne suka riƙe harshen suka bar mata waƙa kaɗai. Ya roƙa a ba shi ƙanwarsa ya kai ta gida a yi mata abin da ya kamata. Yana faɗa yana hawaye, naka sai naka. Maganarsa ta shige ni. Ashe Inna tana ji. Ba wanda ya ba ta baiti, ita da kanta ta ɗauko, cewa Makiyayin da ya riƙe ta ba ya saki. Da Kawu ya ji haka, sai ya bar mata kaza da zuma ya koma.

Ga abin da ya sa na rubuto. Akwai wata waƙa da take ɗaukowa kullum, ta yi baitin farko, ta tsaya. Ba wanda ya san amshinta, har matar Fasto. Zulai ta ce ta sha jinta ta kan katanga shekarar da Baba ya rasu, ke da Inna kuna daka, ni lokacin ina goye. Na gwada ƙago mata amshi, ta kau da kai. Takan yi baitin ne ta zuba wa ƙofa ido, ta jira, ta jira, har numfashinta ya gaji. Jiya muryar ta fi ta shekaranjiya rauni, kuma na tuna maganar lokotoro.

Ki gaishe mini da maigida, da Halima, da ƙaramar Delu. Habibu da Zulai suna gaishe ku, matan zumunta suna yi mana addu'a. Don Allah, Yaya, kada ki jira Kirsimeti. Ki hau mota ki zo ki amsa mata tun tana iya bayarwa.

Ni ce ƙanwarki,
Asabe